Baƙin da Gcabashe Ya Sauke Mini

Gcabashe maƙwabcina ne a unguwar Umlazi tun muna da baƙin gashi. Mutum ne da bai taɓa ganin ɓarnar da fenti ba zai gyara ba. Bango ya tsage, fenti. Ƙofa ta ruɓe, fenti. Matarsa MaShezi takan ce ranar da ciwo ya kwantar da ita, da buroshi zai zo dubiya.

Da ya bar aiki a tashar jiragen ruwa, MaShezi ta kafe sai sun sayar da gidan sun koma garinsu Nongoma. Gwiwoyinta sun gaji da hawan tudu, kuma tana so in ta mutu a binne ta kusa da uwarta. Aka sami mai saye, wata nas. Amma nas ta ce ba za ta sa hannu ba sai mai duba gida ya shaida babu ƙwaro a katako.

Mai dubawar, Padayachee, ya hau cikin silin da tocila. Ya sauko kamar an tsoma shi a buhun gari.

"Baba, me ke riƙe da rufin nan?"

"Ikon Allah da katako mai kyau," in ji Gcabashe.

"To, katakon dai ya tafi. Ƙwari sun cinye."

"A shafa masa fenti mana."

"Ai fentin ne kaɗai suka rage maka."

Padayachee ya ce sai an canja katako, an lulluɓe gidan duka da tamfol, an saki hayaƙin guba, kowa ya fita. Nan aka yi ta. A kusurwar ɗakin ciki ruhohin iyaye da kakannin Gcabashe da suka rasu suke zaune, a nan yake ƙona musu ganyen turare yana kai musu ƙarar duniya.

"Ba zan hura wa ubana guba a hanci ba," ya ce.

"Baban Thokozani, tun aurenmu kake banka musu hayaƙi, ban ji wanda ya yi tari ba," in ji MaShezi.

"Ke ba ki san su ba."

"Na san su sarai. Rufi na shirin faɗo mana a ka, ko a mafarki ba wanda ya zo ya ce uffan."

Nas ta aiko cewa in wata ya mutu za ta nemi wani gida. Daga ranar, nama kawai ya ɓace daga miyar MaShezi. Wannan ya buɗe wa Gcabashe basira. Ya saro reshen magaryar kura, irin wanda muke ɗauko ruhin matattunmu da shi, ya roƙi kakannin su hau, ya nufo gidana yana yi musu jagora, su sauka a wurina har a gama hayaƙi.

"Baba, ga kwata nan, a ɗaga ƙafa."

Baƙi ba sa zuwa hannu rabbana. Ya kawo akushin naman kakansa da matashin kansa na katako, ya jera su a ɗakina. Na ga ƙananan huji a jikin akushin, da ɗan gari a ƙarƙashinsa. Ba a binciken kayan baƙo, balle baƙon da ya riga ka sanin lahira.

Aka yi hayaƙi, aka canja katako, nas ta sa hannu. MaShezi ta shiga motar Nongoma tana murmushi, reshen magarya a kujerarsa shi kaɗai, akushi a cinyar Gcabashe.

Damina na zagayowa, ina shan shayi, sai ga gari yana sauka cikin kofina daga silin, a hankali, ba gaggawa. Na kira shi a waya.

"Maƙwabci, manyan sun isa lafiya?"

"Lafiya lau. Sun yaba da karɓarka."

"Na ga alama. 'Yan rakiyarsu ma sun ƙi tafiya, suna rufina."



"Duba bayan banɗakinka," ya ce. "Na bar maka rabin gwangwanin fenti."