Alwala a Gindin Maina

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, mutumin rediyo ne. Abin da rediyo ta faɗa da safe, kafin la'asar ya zama nasa. A can ya jiyo wai duniya tana ƙara ɗumi saboda hayaƙi da saran itatuwa. Ni dai tun da aka kawo ni Nguru ban ga ranar da garin ya huce ba, balle a ce an ƙara masa.

Ya kai maganar majalisarsu ta ƙofar gida. Amininsa, wani Babarbare mai sayar da bandar kifi, ya tare shi. Ina tsakar gida ina tankaɗe, ina jin su.

"Alhaji, zafi na Allah ne," in ji mai kifin. "Kai da ko fanka ba ka iya gyarawa, kai ne za ka gyara rana?"

"To mu naɗe hannu rairayi ya binne mu, kamar gonakin Kumagannam?"

"Dasa guda ɗaya mu gani. In ta ga damina, na bi ka."

Washegari sai ga maigida da ɗan dashen maina, wato darbejiya, bai fi tsinken tsire ba. Ya dasa a ƙofar gida, ya kewaye da ƙaya saboda awaki. Na ce masa, "Alhaji, ruwan randata na garuwa ne, ba na bishiya ba." Sai ya samo dabara: kowace salla a kan dashen zai yi alwala. Mutumin da a da sai an yi kiran salla yake neman buta, ya koma sabunta alwala ko ba ta karye ba.

Ana tsakiyar bazara ya tafi Gashua saro tattasai, zazzaɓi ya kwantar da shi a gidan ƙanensa. Haushin bishiyar nake ji, amma wallahi ban so ya dawo ya tarar da busasshen tsinke majalisa ta yi masa dariya ba. Shi ba ya jure dariya.

Da na fita da buta zan zuba mata, sai na tarar gindin a jiƙe. Kashegari ma haka. Da azahar na leƙa ta zaure. Ga mai kifin nan tsugune, yana alwala a hankali kamar mai koya wa yara. Da ya gama ya waiga hagu da dama, ya juye sauran ruwan butar. Muka haɗa ido.

"Hajiya, nan ne kawai babu kashin awaki," ya ce. "Ba sai kin gaya masa ba."

Maigida ya dawo a rame, ya tarar da sabon ganye. Ko takalmi bai cire ba ya nufi majalisa. "Kun gani? Kwana da kwanaki ba ɗigon ruwa, ga ta nan shar. Ina mai gardamar?"

Mai kifin ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ka yi nasara, Alhaji."

Shekara da shekaru maigida yana ba baƙi labarin bishiyarsa da ba ta shan ruwa, da yadda ya kayar da amininsa. Mutumin yana zaune a gefensa, yana gyaɗa kai. Ni ce nakan ciji leɓe a bayan ƙyaure. Har maigida ya rasu bai sani ba, kuma a cikinmu babu wanda ya iya gaya masa.