Tsinken Ashana a Ɗakin Wanke Hoto

Shekarar da fari ya cinye ƙauyenmu na ƙasar Tawa, ita ce shekarar da na san ina da kaka. Kafin nan labarinta kawai nake ji. Daga bayan kamyo, babbar motar kaya, aka sauke ta a Yamai, da ƙullin kaya ɗaya da ƙwarya mai ɗinki. Shanu sun ƙare, kakana ma ya bi bayansu ba da jimawa ba. Babana, wanda yake koyarwa a lakwal, ya ba ta ɗakin da ke daf da murhu a gidanmu na unguwar Bukoki. Shekarata tara a lokacin, ga ni da shegen surutu.

Idan an gama tuwon jar dawar taimako, wanda har yau ban yafe masa ba, Kaka takan jawo kujerarta bakin garwashi. 'Yan maƙwabta su shigo, har da yaran Zabarmawa masu Hausar kasuwa. Zamanin soja ne, manya sai sun duba ƙofa suke magana, amma ba a taɓa kama kowa a kan tatsuniyar kura da zomo ba, don haka a bakin murhun nan muke sakin murya. Kaka tana da nata salon buɗewa. Sai ta ce, "Ga ta nan, a ƙasa ta taho, ta gaji." Mu kuma mu amsa, "Ta zauna ta sha ruwa."

Wata rana na ji tana gaya wa mahaifiyata abin da ke cin ta game da kakana. "Muryatai ina ji," in ji ta, "har tarin da shika yi da asuba ina ji. Amma huskar ta ƙi zo mini. Shekara arba'in muna ɗaki guda, in rufe ido in ga rawani babu mutum." Ba ta yi kuka ba. Ni ce na ji tsoro, don ban san fuska tana iya ɓacewa daga kan mutum ba.

Kakana bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Babana kuwa hoto ne ciwonsa. A ɗan ɗakin ajiya na bayan gida ya toshe taga da bargo, ya girke injin ƙara girman hoto da ya samu a hannun wani Bature malami da zai koma gida. Ƙarfe ne dogo a tsaye, da kai kamar tukunya a kife, da fitila a ciki. A sa fim a wuyansa, hoton ya faɗo a kan allo. A ɗaga kan sama hoto ya girma, a sauke shi ya ƙanƙance. Baba yana kiransa da sunan Faransanci mai karya harshe, mu kuwa Raƙumi muke ce masa.

Da mahaifiyata ta kai masa maganar, sai ya tuna da wani fim. Zuwansa na ƙarshe ƙauye ya ɗauki bakin rijiya, da ragowar shanu ƙashi da fata. Bai kai shi shagunan hoto na unguwar Kalle ba, don a lokacin hoton yunwa ba abin da ake yawo da shi ba ne. Can baya a cikin hoton, kakana yana jan guga, bai san ana ɗauka ba. Fuskarsa a jikin fim ba ta kai ƙwayar gero ba. Ga kuma takardar hoto ta yi wuya a gari, uku suka rage masa cikin baƙin kwali.

Ta farko ya yayyanka ta don gwajin haske. A ta biyu ya ɗaga kan Raƙumi har ƙarshen ƙarfe, fuskar ta cika takarda, amma ta watse ta zama yashi, ba ido ba hanci. Sai ya sauke kan kaɗan, ya daidaita, ya ce a kira Kaka bayan magariba ta ga fitowar ta ƙarshe da idonta. Na riƙe mata hannu muka shiga, don ganinta ya yi rauni.

Ɗakin ba haske sai wani ɗan jan ƙwan fitila, wanda shi kaɗai takardar ba ta jin tsoro. Baba ya kunna injin yana ƙirga a hankali, ya kashe, ya tsoma farar takarda cikin tasar magani yana ɗan jijjigawa. Da fari ba komai. Sai rawani ya fara fitowa, sai kafaɗa, sai gemu.

"Inna, duba," in ji Baba.

Kaka ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa ruwan. Sai ta zare hannunta daga nawa. A garinsu ba a tarbar baƙo cikin duhu, balle maigida ya dawo. Ta kwance bakin zanenta, inda take ɗaure ashanar hura wuta, kafin wani ya ankara ta ƙyasta.

Haske ya cika ɗakin. Na ga fuskar wani tsoho a cikin ruwa, sannan a kan idonmu ta soma dushewa, ta yi toka-toka, ta yi baƙi ƙirin tun ashanar ba ta kai yatsunta ba.

"Inna!" Abin da Baba ya iya faɗa ke nan. Ɗan fari ba ya yi wa uwa faɗa. Ya tsamo baƙar takardar, ya daɗe yana kallonta, ya fita bai ci tuwo ba.

Mun ɗauka ranar babu tatsuniya. Amma Kaka ta jawo kujera kamar kullum, ta tona garwashi, ta ce ga ta nan ta gaji. Muka ba ta ruwa.

Labarin wata tsohuwa ta ba mu, mai saniya ɗaya tak, wadda fari ya kashe. Tsohuwa ta dami aljanin rijiya da kuka har ya ce mata, to, kullum da asuba ki leƙa, za ki ga saniyarki a kan ruwa, amma kada ki kuskura ki taɓa ruwan. Haka aka yi. Kullum ta leƙa ta gan ta tsaye tana tuƙa, su gaisa, ta koma gida. Rannan sai ta ga kamar bakin saniyar ya bushe. Ta ce, ashe ina da guga a hannu, abata na jin ƙishirwa? Ta zura guga. Ruwa ya motsa, saniya ta tarwatse, ba ta sake dawowa ba. Kaka ta kwaikwayi yadda tsohuwar ta zagi aljani har kakanninsa, muka yi ta dariya. Ta rufe da cewa tatsuniya ta huta, ta ɗauki sandarta ta yi gaba.

Ni da bakina ba ya shiru na ce, "Kaka, ai wauta ta yi."

"Wauta ta yi mana, ƙawata," in ji ta. "Wanda bai son komi, shi ɗai ad da wayo kullum."

Bayan makonni wani abokin Baba ya samo masa sabon kwalin takarda. Baba ya zo da murna ya durƙusa gaban Kaka, ya ce yau za a sake, ita dai ta bar ashana a waje. Kaka ta girgiza kai.

"Bar shi, yaron ga. Sau biyu ya tahi gabana, ban son na uku."

"Inna, wancan ai ya lalace, ba ki gani ba."

"Kai ka ce ya lalace. Ni na gane shi sarai. Tabon da guga ya yi mai bisa gira ta hagu, da yadda shika cije leɓe in shina jan ruwa. Na mance da su, yanzu sun komo."

Daga ranar ban sake jin ta yi kukan ɓacewar fuskarsa ba. Da damina ta faɗi Kaka ta ce gona ba ta jira, ta koma ƙauye, can ta rasu bayan shekara uku.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin gargaɗi, wai a bi doka, a yi haƙuri, kada a zura guga. Sai da na girma na yi nawa rashin sannan na gane ba gargaɗi take yi ba. Haƙuri take ba ɗanta, ta hanyar da uwa za ta iya ba ɗan fari haƙuri a gaban yara, kuma tana gaya masa ko an sake, sai ta sake kunnawa. Ina kewarta, ina kewar bakin murhun nan ƙwarai.

Bayan rasuwarta Baba ya wanke hoton, da takarda mai kyau, cikin natsuwa. Yana rataye a ɗakina yanzu. Na sa tabarau na duba, na kai shi bakin taga da rana tsaka, na ba 'ya'yana masu kaifin ido. Akwai rawani, akwai gemu, akwai igiyar guga. Babu wanda ya taɓa ganin tabo a kan girar hagu.