Gwaggo Mai Tankaɗen Yashi

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, tankaɗen yashi ne sana'arta. Idan na faɗi haka wasu kan yi dariya, su ce ai gari ake tankaɗewa. To, ita yashi ta tankaɗe, da shi ta ci, da shi ta sha, da shi kuma ta gina gida.

Mijinta da kwalekwale yake shiga tsakiyar kogi, ya yi nutso da bokiti, ya ciko shi da abin da ke kwance a ƙasa, ya taso ya juye. Saboda daɗewarsa cikin ruwa aka sa masa Agwagwa, sunan ya bi shi har yaran unguwa ba su san yana da wani ba. Abin da yake kawowa gaɓa a cakuɗe yake zuwa, tsakuwa da yashi da laka da guntayen itace. Rabawa aikin Gwaggo ne da sauran matan bakin kogi.

Rariyarta ta ragar waya ce a jikin katako, mai faɗin ƙofar ɗaki, a jingine da sanda. Ta kan watsa mata shebur, tsakuwa ta gangaro gabanta, sauran ya wuce baya. Sai ta kwashe wanda ya wuce ta sake watsa shi a wata ragar mai ƙananan idanu. Kafin rana ta yi tsaka tsibi uku sun tashi: tsakuwa ta masu zuba kankare, yashi mai kaushi na masu buga bulo, da rairayi mai laushi na shafen bango. Laka ce kawai ba ta so. Idan tana shakkar kaya sai ta jiƙa shi ta dunƙule a hannu. In ya wargaje ta ce ya yi. In ya tsaya ya bar mata shaida a tafi, sai ta tura wa mijin ya sake wuri, ta ce ba tukunya za ta gina ba.

Tana da hira a kan duwatsu kamar masu rai. Mulmulallar tsakuwa, in ji ta, matafiyiya ce, ta sha birgima tun daga nesa har kaifinta ya mutu. Mai kusurwa kuwa baƙuwa ce a ruwa, ba ta daɗe da ɓallowa daga dutse ba, kuma ita ta fi riƙe siminti. Ta ce kogi ma tankaɗe yake yi, yana ajiye masu nauyi a inda ƙarfinsa ya fara raguwa, ya wuce da masu laushi gaba, laka kuwa ba ta kwanciya sai inda ruwa ya yi shiru. Idan aka yaba gwanintarta sai ta ce ita gyara kawai take yi wa aikin da aka riga aka fara.

Gidan da suka gina a kan tudu yake, jifa kaɗan daga gaɓa. Ba a tashi ɗaya aka yi shi ba. A kowane kaya ta kan ware shebur ɗaya ko biyu na wanda ya fi kyau ta zuba a bayan bukkarsu, har tsibin ya isa bulo. Ɗaki ɗaya suka fara, suka zauna a ciki ba shafe. Bayan shekaru aka ƙara na biyu, saboda ɗansu tilo, wanda nake kira Yaya, ya girma. Daga baya aka yi zaure da kicin. Ita ta zaɓi rairayin da aka shafe ɗakinta da shi, kuma duk baƙon da ya shigo sai ta sa shi ya shafa bangon da tafinsa kafin ta ba shi ruwa.

Ruwa ya fara cin kunnen Agwagwa tun yana da sauran ƙarfi. Da farko sai an ɗaga murya, daga baya sai an taɓa shi. Gwaggo ta kan tsokane shi a gaban mutane, ta ce tun yana ji ma ba ya jin maganarta, saboda haka ba ta yi asarar komai ba. Shi kuma ya ga ana dariya ya taya. Ya daina nutso lokacin da jiri ya fara ɗaukarsa a ƙasan ruwa.

A shekarun ne aka datse kogin a can sama, inda ba su taɓa zuwa ba. Ruwa bai daina gudu ba, amma ya daina kawo kaya. Damina ta kan wuce ba sabuwar tsakuwa, ba yashin kirki, sai laka mai santsi. Sannan wani kamfani ya kafa injin zuƙo yashi a ƙasa da su, tifofi suna layi. Yaya ya samu aikin tuƙa ɗaya daga cikinsu. Gwaggo ba ta hana shi ba, don albashinsa ne ke riƙe gidan a lokacin, amma ta ce masa ana kwasa ba a zubawa, kuma ramin da aka haƙa a cikin kogi gaɓa ce ke cika shi.

Haka aka yi. Gaɓar ta fara zubewa kaɗan-kaɗan. Filin da matan ke tankaɗe ya tafi, bishiyar da suke hutawa a ƙarƙashinta ta bi shi. Gwaggo ta tsaya ta dubi inda ƙasa ta yanke, ta ga laka mai tauri a sama, rairayi zalla a ƙarƙashi, ruwa yana sace shi a hankali. Ta gane cewa tudun da gidanta ke kai ma haka cikinsa yake. Mahaifina ya je ya roƙe ta su taso, ta ce masa sai bayan damina. Ta yi ta cika buhuna da yashi tana jerawa a gindin gaɓa, ita da kurman mijinta, ruwa yana kwashewa.

Da rana tsaka abin ya faru, ba a ma ruwan sama. Tsaga ta buɗe a bangon kicin, maƙwabta suka taru aka yi ta fitar da kaya. Gado, katifa, tukwane, akwati. Wani kafinta ya ciro ƙofar ƙarfen zaure da guduma. Kicin ya fara tafiya, sai ɗakin Yaya. Ɗakinta ya ɗan tsaya a karkace kafin ya bi su. Agwagwa bai ji ƙarar ba, yana can yana ɗaure katifa da igiya, sai da ya juyo ya ga babu komai a bayansa. Gwaggo ba ta yi kuka ba. Ta ce da matar da ke riƙe da ita, "Bulon bai fashe ba, kin gani? Gaba ɗaya ya tafi."

Yaya yana kan hanya da lodi a ranar. Da ya dawo ya ajiye makullin motar, bai sake komawa kamfanin ba. Ya tafi wani gari neman aiki, ya daɗe bai iya haɗa ido da uwarsa ba, ko da yake ba ta taɓa ɗora masa laifi ba.

Gidana Gwaggo da Agwagwa suka dawo, hawa na biyu a wani gini na haya. Agwagwa bai yi shekara ba ya rasu. Gwaggo ta yi ta neman abin da za ta sa hannunta, tana tsince shinkafar da ba ta da tsakuwa, tana wanke kwanukan da na riga na wanke. Matattakala tana wahalar da gwiwarta, saboda haka ba ta cika sauka ba. Maƙwabta sun san ta da tsohuwar sama, ba wanda ya san ta taɓa yin wata sana'a. Sau ɗaya na ce mu je ta ga sauran matan da suka yi aiki tare. Sai ta ce, "'Yata, in na je, a ina zan tsaya?"

Ciwon ƙirji ne ajalinta, a asibiti, Yaya yana riƙe da hannunta. Bayan an watse daga zaman makoki ya tambaye ni ƙofar nan ta ƙarfe, wadda ke jingine a bayan gininmu tun zuwansu, ta yi tsatsa daga ƙasa. Ya ce ya fara ɗaki a inda yake zaune, nesa da ruwa. Muka kira mai kura, aka ɗora ta, ya bi bayanta a ƙafa zuwa tasha.