Yaya ta Teburin Canjin Jirgi

Shekara goma sha tara ta yi a teburin canjin jirgi, can ƙarshen zauren filin jirgin sama, kusa da tagar da ke kallon inda ake loda kaya. Yaya kowa ke ce mata, har waɗanda suka girme ta.

Kamfaninsu ƙarami ne, jirage huɗu kacal. A da, fasinjan da zai wuce ƙasa mai nisa sai ya sauka a nan, ya kwashi akwatunansa, ya sake bin layi da tikitin wani kamfani. In jirginsu ya makara, tikiti na biyu ya bi ruwa, kuma a gaban Yaya ake kukan. Tun ba a sa ta ba ta riƙa rubuta inda kowane fasinja ya nufa a wani littafi. Ranar da manaja zai je zama da wani babban kamfanin ƙetare kan haɗin gwiwa, littafin nan ya roƙa ta ara masa.

Da aka sa hannu, hankalin ma'aikata ya tashi. Mai auna kaya ya same ta ya ce, "Yaya, kura ce fa ta ce wa akuya mu yi kiwo tare."

Ta ce, "Su suna da fasinja, ba sa zuwa ƙananan garuruwa. Mu muna zuwa, kujeru wayam. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ɗan'uwa."

A watan farko wani dattijo ya iso da 'yarsa, za a yi masa aikin ido a ƙetare. Jirginsu ya makara awa biyu, na gaba ya riga ya tashi. 'Yar ta fara share hawaye. Yaya ta ɗaga waya ta kira takwararta ta babban kamfanin, ta nemo musu kujera biyu a jirgin la'asar, ta sa aka juya akwatunansu can.

Dattijon ya laluba aljihu. "'Yata, nawa zan cika?"

"Ko sisi, Baba. Yanzu tikitin ɗaya ne har inda za ka."

Ya daɗe yana sa mata albarka, layi na jira, ba ta katse shi ba.

Kafin shekara biyu kujeru suka cika, aka ƙaro jirgi na biyar da sababbin ma'aikata, ita ta koya musu aiki. Manaja ya ba ta ofis a bene, ta ce a bar ta a teburinta, daga sama ba a ganin fuskar wanda ya rikice.

Mijinta tela ne. Yakan ce wa abokansa, "Matata ta tura rabin duniya ƙasar waje, ita ko ƙofar jirgi ba ta taka ba." Bara babban kamfanin ya gayyace ta ƙetare ta koyar da nasu ma'aikatan. Mijin ne ya ɗinka mata rigar tafiyar, ya rako ta har bakin layin fasinjoji.