Ranar da Na Shanya Wuƙaƙena a Unguwar Boro

Shekarun baya, lokacin ina tuzuru ina tuƙa motar raba sabulu da omo, na kamu da wata cuta da ba a maganinta a asibiti: tara ƙananan wuƙaƙe. Aikina zagaya kasuwannin ƙauye ne. Duk inda na sauke kaya, kafin mai shago ya gama dubawa na sulale rumfar maƙera. Ba masu tsada nake saya ba, ina na ga kuɗin? Irin waɗanda ake ƙerawa da tsohon sifirin mota ne, kuɗin ɗaya bai wuce na kwanon shinkafa da wake ba. Ina da askar wanzami mai naɗewa, da ta masu yankan farce, da wata mai ƙotar ƙaho da kuben jar fata wadda na fi so, da 'yar gajerar nan da manoman kudancin Kaduna ke tsaga citta da ita. Ban taɓa yanka ko albasa da su ba. In buɗe, in shafa, in rufe, in mayar akwati. Mahaifiyata ta ce sa'o'ina na tara kayan lefe, ni ina tara abin korar mata.

A Unguwar Boro nake haya saboda kusa da inda muke ajiye mota. Gidan wata dattijuwa ce 'yar kudancin Kaduna, mijinta ya rasu, kowa Mama yake ce mata. Ni kaɗai ne Musulmi a gidan, kusan ma a layin. 'Yan'uwana na Tudun Wada sun yi ta min surutu a kan in dawo cikinsu, na yi kunnen ƙashi. Ɗakin ya yi min, mutanen sun yi min. In Mama ta dafa fate sai ta zubo min, in za a yanka kaza a gidan ni ake kira don ni ma in ci. Ban da wannan ɗakin da wannan zaman, ba ni da komai a garin.

Sai wata damina gari ya rikice. Ba sai na ce wane rikici ba, duk wanda ya zauna Kaduna ya san yadda abin ke zuwa: jita-jita da safe, shaguna a rufe kafin azahar, sai dokar hana fita. Muka yi kwana da kwanaki a kulle, ga ruwan sama ba ƙaƙƙautawa. Zaman banza ya ishe ni, na jawo akwatina na buɗe. Tsatsa! Danshi ya shiga, duk sun yi ja. Na zura musu ido kamar an ce min wani ya rasu.

Ana haka rana ta leƙo. Na ɗauko tabarma na shimfiɗa a ƙofar ɗakina, na jera wuƙaƙen reras, na kawo man keken ɗinki da dutse, na zauna na kama washi. Ku ji fa. Gari na cikin wannan hali, ni kaɗai Bahaushe a gidan, na baje wuƙaƙe a tsakar gida ina wasawa, har da ɗan fito. Wallahi ban ga komai a gabana ba sai tsatsa.

Maƙwabciyata ce ta fara fitowa da bokitin wanki. Ta tsaya cak. Na ɗaga kai na ce mata sannu da aiki. Ta ce, “Yesu!” ta saki bokitin, ta fizgi 'ya'yanta ta shige ɗaki, na ji ƙarar sakata. A lokacin ne na dubi tabarmar da idon wani, na hau tattara wuƙaƙen.

Ban gama tattarawa ba matasan layi suka cika ƙofar gida, wasu da gora. Shugabansu, wanda muke kallon ƙwallo tare, ya nuna tabarmar.

“Malam, wetin be dis? Su wa kake jira?”

Na ce, “Ba kowa. Tarawa kawai nake yi.”

“Tarawa? Ka yi me da su?”

Ta yaya za ka bayyana wa mutumin da ke cikin tsoro cewa ƙotar ƙaho ce ta ba ka sha'awa?

Mama ce ta fito tana gyara ɗaurin zani, ta tsaya tsakanina da su. Ta ce, “Ba wanda zai taɓa shi a gidana. Wannan? Ko kaza aka ba shi ya yanka hannunsa rawa yake yi. Ni na san shi. Ku tafi gidajenku kafin ku jawo mana wata masifa.” Suka yi ta gunaguni, amma suka watse. Shugaban ya juyo daga bakin ƙofa ya ce min idonsu na kaina.

Gari ya lafa, aka ɗage doka, amma gidanmu bai koma yadda yake ba. Yaran da ke shigowa ɗakina kallon talabijin suka daina. Gaisuwa ta gajarce. In na fito alwala sai hira ta mutu. Daga baya na ji masu haya sun samu Mama sun ce ko ni ko su.

Wata la'asar ta kira ni. Ta ce, “Ɗana, ni na yarda da kai. Amma na gaji. In na je coci tambaya, in na je kasuwa tambaya. Kullum ina rantsuwa a kanka, bakina ya gaji. Ko wuƙaƙen nan su bar gidan, ko ku bar shi tare.”

Ban ji haushinta ba, kunya na ji. Na yi tunanin kai su Tudun Wada, amma wa zai haye gadar kogin Kaduna da akwatin wuƙaƙe a lokacin da ake binciken motoci? Na yi tunanin jefa su kogi, sai na ga in suka ɓace kawai, cewa za a yi ɓoyewa na yi. Dole mutane su ga inda suka tafi.

Na zuba su a faranti na bi ɗaki-ɗaki, kamar mai rabon naman Sallah, kowa ya zaɓa. Maƙwabciyata ta ƙi buɗe ƙofa, mijinta ne ya miƙo hannu ya ɗauka. Shugaban matasa ya juya su ya juya, ya zare mai ƙotar ƙahon nan, ko godiya babu. Mama ta ɗauki ta tsaga citta. Na koma ɗaki da faranti wayam, na kwanta da rana tsaka.

Abin da ya biyo baya kuwa sai haƙuri. Ina ji ina gani aka kama kankare tukunya da askar wanzamina. Wani ya mai da ta yankan farce abin kwance noti, har bakin ya karye. Sai in kawar da kai in wuce. Gaisuwa ta ɗan dawo, amma kowa da taka-tsantsan.

Ran nan da safe Mama na ferar rogo a tsakar gida, maƙwabciyata na gefe tana wanki, 'ya'yanta na wasa. Mama ta ƙwala min kira da ƙarfi yadda kowa zai ji.

“Malam! Zo ka wasa min abin nan, ta dakushe. Kai ne gwani.”

Ta danƙa min wuƙar tsaga cittar nan a hannu, ta juya min baya, ta duƙa tana hura wuta. Na tsuguna da dutsena. Ina jin idon maƙwabciyata a kaina. Ta dube ni, ta dubi bayan Mama, sannan ta ci gaba da cuɗa wankinta. Ba ta kira yaran ba. Na wasa wuƙar tas, na miƙa wa Mama.

A gidan na zauna har na yi aure. Ban ƙara sayen ko ɗaya ba. Har yau in na wuce rumfar maƙera nakan tsaya in ɗauka, in buɗe, in yaba, in ajiye. Mai rumfa ya ce zai rage min, in ce ba kuɗin ba ne. Ban ga laifin maƙwabciyata ba. Da ni ne a Tudun Wada na ga baƙo ya baje irin wannan tabarma a irin wannan mako, da salati zan saka in ja sakata. Abin da ke gajiyar da ni shi ne zaman garin da kome za ka yi, sai ka fara tunanin yadda zai yi kama daga tagar wani. Na gaji da wannan, kuma na san su ma sun gaji.

Amma duk sanda abin ya ishe ni har na ji kamar in tattara in bar Kaduna, sai in tuna tsohuwar nan a duƙe gaban murhu, ni a bayanta da wuƙa, ita kuwa ba abin da ya dame ta sai hayaƙi.