Gwajin Awa Goma Sha Biyu

A ƙarshen shekarun casa'in ina malamin dabbobi a Tudun Wada, aikin da ya cinye min ƙafa da babur biyu. A ofishinmu akwai wata kwamfuta da masu wani shirin kiwo suka bari da suka tattara suka tafi. Babu mai taɓa ta sai ni, ni ɗin ma da yatsu biyu nake bugawa.

Akwai wani dattijon makiyayi daga wajen Falgore da nake kira Baffa, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Shekara da shekaru ina yi wa shanunsa allura, shi kuma yana yi min dariya, don ya san maganin cututtukan shanu irin su sammore da kirci da harbin daji tun ba a haife ni ba. 'Ya'yansa sun koma acaɓa, babu wanda ya tsaya ya koya. Ni na lallashe shi ya riƙa faɗa min magungunan ina rubutawa, mu yi littafi kafin ƙasa ta rufe masa ido. Da ƙyar ya yarda. Duk ranar kasuwar Ƙafin Maiyaki, in ya gama cinikinsa, sai ya biyo ta ofis, ya jingine sandarsa, ya zauna a tabarma yana lissafo saiwa da sassaƙe, da yadda ake jiƙawa, da ranar da ake ba saniya. Na raina biro da takarda a lokacin. Kai-tsaye nake zubawa a na'ura, in kwafa a faifai ɗaya tilo da nake da shi.

Matsalar ita ce nawar na'urar. Kafin ta farka sai ka sha fura ka wanke ƙwarya. Da rubutun ya yi yawa, duk sanda na ce ta adana sai ta tsaya tana nishi, Baffa kuma ya yi shiru yana jira, zaren maganarsa ya tsinke. Wani lokaci kafin ta dawo hayyacinta an ɗauke wuta. Ya kan ce akwatin nan ya fi tsohon bijimi taurin kai.

Na kai kukana wurin wani abokina, sa'ana, mai gyaran talabijin da ya yi zaman Kano. Ya kwance murfin, ya nuna min ƙwaƙwalwar na'urar, wani ɗan falle a ƙarƙashin ƙaramar fanka. Ya ce masu ƙera ta sun ɗaure ta a gudu ɗari da talatin da uku, amma in aka sauya wa wasu 'yan marafan roba zama a kan allon ciki, za ta yi ɗari da sittin da shida. Ya sauya, ya kunna, ta tashi kamar an tsikare ta. Sai ya sa mata wata manhaja da ba ta komai sai lissafi mai wahala, don a ga ko za ta jure. Ya ce in ta yi kuskure ko sau ɗaya, a mayar da ita yadda take.

"Awa goma sha biyu a jere," in ji shi. "A jere fa na ce, Malam. Kada ka taɓa ta da aiki sai ta cika."

A nan gizo ke saƙar. Ban taɓa ganin wuta ta yi awa goma sha biyu a jere a unguwarmu ba. Ranar farko ta yi huɗu aka ɗauke. Washegari biyar da rabi. Akwai Larabar da ta kai tara, ina zaune ina gadin ta kamar mai jiran naƙuda, na ƙi zuwa rigakafi a Doguwa, sai fanka ta yi tsit. Na zagi wanda ban sani ba, na kulle ofis. Sati uku ina wannan wahala, Baffa ya zo sau biyu ya koma ba mu rubuta ko layi ba, kuma tafiyar ba ƙarama ba ce ga mai shekarunsa.

Na gaji, wallahi na gaji. Sai na yi lissafin manomi: wanda ya yi huɗa kwana uku yau, kwana huɗu wani satin, ai gona ta huɗu. Na tara awannin da na rubuta a bangon kalanda, na ga sun haura arba'in babu kuskure ko ɗaya. Na ce wa kaina ta ci jarrabawa har da ƙari. Ban yi tunanin cewa duk ɗaukewar wuta hutu ne gare ta ba, tana hucewa ta dawo sabuwa. Ban kuma lura cewa damina ce ba, ofis da sanyinsa. Abokin nawa ban gaya masa ba, don na san abin da zai ce.

Muka ci gaba, aiki ya yi daɗi. Har bayan kaka muna yi, muka kai magani wajen saba'in. Daga nan Baffa ya kwanta ciwo, ya daina zuwa. Ni kuma na shiga gyara rubutun ina shirin kai shi Kano a buga.

Bazara ta shigo, rufin kwano ya riƙa gasa ofis. Na'urar ta fara sandarewa jefi-jefi, in kashe in kunna, in ɗora wa zafi laifi in wuce. Kullum in na tashi sai in kwafa a faifan nan, sabo a kan tsoho. Wata ranar Litinin da azahar na koma farkon littafin don in duba wani abu. Shafi biyu na farko lafiya. Daga nan sai 'yan akwatuna da alamomin da ba na kowane harshe ba, shafi bayan shafi har ƙarshe. Na sa faifan, shi ma haka. Na daɗe ina kwafar ɓarna a kan mai kyau ban sani ba. Abokina ya zo ya gwada duk dabararsa, ya mayar da marafan inda suke, ya kwashi kayan aikinsa ya tafi. Da ya zage ni ma da ya fi min sauƙi.

Na sayi littafin rubutu da biro biyu, na hau babur zuwa rugarsu. Na tarar da Baffa a inuwar bukka, ya rame, idonsa ya yi fari-fari. Bayan gaisuwa na gaya masa gaskiya duka, har da lissafin kalanda. Kunya ta hana ni ɗaga kai. Bai yi faɗa ba. Ya ce ba komai, mu sake daga farko.

Ya fara da sammore. Ya ambaci sassaƙen maɗaci, ya ambaci marke, ya ce akwai na uku da ake haƙowa a bakin rafi. Ya tsaya. Ya murza goshi, leɓɓansa suna motsi. Na riƙe biro ina jira, shanu suna ta wucewa ta bayanmu.

"Ɗana," ya ce a hankali, "tun da na zuba maka su, sai na sauke kayan daga kaina. Na ɗauka suna wurinka."

Na zauna da shi har la'asar. Abin da muka samu bai cika shafi huɗu ba, a cikinsu ma akwai waɗanda ya ce kada in ba dabbar kowa, don bai tabbata ba.