Malam Sabi'u da Rajistar 'Yan Wasa

Ina gona a Utai, ina yankan gero, sai ga Ɗanlami golanmu a kan keke. Bai sauka ba ya ce, "Ado, Malam Sabi'u ya rasu da asuba." Innā lillahi wa innā ilaihi raji'un. Na ajiye lauje na zauna a kan kunya.

Malam Sabi'u malamin firamare ne, kuma shi ne sakataren ƙungiyarmu ta ƙwallo a Wudil. Ba mu taɓa ganin ya buga ƙwallo ba. Yakan zauna a bakin fili da rajistarsa mai baƙin bango, yana rubuta wanda ya ci, da wanda ya ba shi, da wanda aka kora. Yakan ce, "Ihu na wanda ya ci ne, biro kuwa na kowa ne."

Ni ɗan baya ne, ban taɓa cin ƙwallo ba. Shekarar da soja suka koma bariki aka naɗa mana sabon kwamiti, suka ce za su rage 'yan wasa, suka fara da waɗanda ba su da ci. Sunana ne na farko. A wajen taron Malam ya miƙe, ya ce wa shugaban kwamitin, "Ranka ya daɗe, a ba ni minti biyu." Ya buɗe wani shafi da ban san da shi ba, ya karanto duk ƙwallon da na cire daga bakin raga, wasa bayan wasa, har da ranar da na yi hakan da fasasshen goshi. Shugaban ya soke sunana daga jerin waɗanda za a rage. Da na je yi wa Malam godiya sai ya ce, "Kai ka yi, ni gani kawai na yi."

Amma ba ya ƙari ba ya ragi a rajistarsa. Ɗan ƙanensa ya roƙe shi ya rage masa shekaru don gwaji a Kano, ya ƙi, sannan ya raka shi tasha da kansa.

Makon jiya mun je duba shi a Sabon Gari, muka ce masa mun ci wasa. Da ƙyar muryarsa ke fita. Ya tambaya, "Ba wanda ya ji ciwo dai?"

Allah ya jiƙan Malam, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba matarsa Inna Hajara haƙuri, ya raya 'ya'yan da ya bari, ya sa mu ma mu cika da imani. Amin.